Kitson Uwar Zumunta

Da mai kitso ta zare ɗankwalin daga kan tsohuwar, wari ne ya fara yi mata maraba. Gashin ya dunƙule wuri guda kamar tsohon soso, ya manne da fatar kai, ga kwarkwata na kai da komo a bayan kunne ba ko kunya. A ƙeya kuwa, inda kai ke kwanciya a matashi, gyambo ne ya buɗe yana ruwa.

Ta tsaya tana kallo, ɗankwalin a hannunta. Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki har maƙogwaro, irin daɗin da rabonta da shi tun kafin ta binne mijinta.

"Mama," ta ce a hankali, "ashe haka kika koma."

Tsohuwar ba ta amsa ba, don ba ta da bakin amsawa. Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da ita a banɗaki, harshenta ya tafi tare da hannun dama da ƙafar dama. Ido kawai ya rage mata, shi kuwa yana nan tar, yana bin mai kitso duk inda ta juya.

Wannan da ke kwance ita ce Uwar Zumunta, wadda ta riƙe zumuntar matan cocin har fastoci suka zo suka tafi suka bar ta a kujerarta. In ta karɓi makirufo za ta yi addu'a, yara ma shiru suke yi. Sai dai tana da hali guda: ba ta kai wa Allah magana a dunƙule. Sai ta faɗa masa wane ne, ɗan wane ne, me ya yi, a ina ya yi, sai ka ce Ubangiji baƙo ne a unguwar.

Mai kitso ta san da haka, amma wanda hankalinsa ya tashi ba ya zaɓen inda zai zube. Shekarun baya, wata Asabar, kan Uwar Zumunta na tsakanin gwiwoyinta tana yi mata kitso, sai ta sunkuya ta raɗa mata cewa an yi wa maigidanta gwaji a asibiti, an sami ciwon nan da mutane ba sa son kiran sunansa. Ya fara shan magani, likita ya ce in ya kiyaye zai daɗe.

"Ki sa shi a addu'a, Mama. Amma don girman Allah kada kowa ya ji."

"Tsakaninmu ne da Ubangiji, 'yata," in ji Uwar Zumunta.

Washegari Lahadi, coci cike maƙil, ta karɓi makirufo. Mai kitso har gobe tana iya maimaita addu'ar ba tare da ta tsallake kalma ba. "Ya Uba, ka dubi bawanka direba, mijin 'yarmu mai kitso, wanda yawon hanya ya kwaso masa ciwo marar magani. Ka gafarta masa inda ya kwana da inda ya tashi. Ka tsare matarsa, in dai bai riga ya shafa mata ba." Jama'a suka amsa da amin, wasu kuma suka buɗe ido ɗaya suna neman inda yake zaune.

Mutumin ya tashi ya fita ta tsakiyar coci, bai ko ɗauki littafin waƙarsa ba. Daga ranar bai ƙara taka ƙofar ba. Ya bar tuƙi, ya bar zaman majalisa, daga ƙarshe ya bar zuwa karɓar magani, wai layin asibitin duk idon sani ne. Kafin shekara ta zagayo ya tafi. Ita kuwa bencin gaban shagonta ya bushe. Matan da ke rububin layi suka koma gaishe ta daga nesa, 'yan kaɗan da suka ci gaba da zuwa kowace da matajinta a jaka. An gwada ta, lafiyarta ƙalau, amma wa zai karɓi makirufo ya sanar da wannan?

Ba ta bar cocin ba. Ina za ta je ta bar abin da take jira? Kowace Lahadi tana bencinta, tana waƙa, tana sa kuɗi a kwanon baiko, tana gaida Uwar Zumunta har da rusunawa. Addu'arta ta asiri kuwa guda ce tak: Ubangiji, kada ka ɗauke matar nan sai ta ɗanɗana. Abin da take so ba boyayye ba ne a zuciyarta. So take tsohuwar ta zauna a cikin wannan coci, a gaban waɗannan mutane, ta ji ana yi mata addu'a irin tata.

Shi ya sa da zumunta ta zauna rabon aikin jinya, wasu suka ɗauki girki, wasu wanki, ita ta ɗaga hannu ta ce a bar mata kan Mama. Mata suka dubi juna. Matar fasto har da share ƙwalla.

Ƙofar ɗakin ta motsa. Surukar tsohuwar ce, matar ɗanta, ta shigo da bokitin ruwan ɗumi, ga ciki ya fara turo gaba, ga ƙaramin yaro ya riƙe mata zani. Da ta ga ɗankwalin a hannun mai kitso sai ta ajiye bokitin, ruwa ya fantsama a ƙasa.

"Anti, na yi ƙoƙari," ta ce. "Da na taɓa kan sai ta kama ihu. Ta cije ni, ga wurin. Maigidan kuma tun da ta kwanta daga bakin ƙofa yake gaishe ta, wai ba ya iya ganinta a haka. Ni ce makaranta, ni ce kasuwa, ni ce yara. In 'yan coci za su zo sai in ɗaura mata sabon ɗankwali in fesa turare in turo ta falo."

Haka ne kuwa. Masu zuwa dubiya a falo suke tsayawa, su yi waƙa, su yi addu'a, su yaba tsabtar gidan su tafi. Ba wanda ya taɓa ɗaga ɗankwali. Kuma wa zai yi zargi? Ɗan nan dattijo ne a ikilisiya, tun furfura ba ta san hanyar kansa ba aka ba shi kujerar. Uwarsa ba ta taɓa ba da shaida ta zauna ba tare da ta ambaci yadda Allah ya ba ta ɗa ɗaya tamkar dubu ba.

"Don girman Allah, Anti, kada kowa ya ji."

Mai kitso ta dubi idon tsohuwar, ba na surukar ba.

"Tsakaninmu ne da Ubangiji, 'yata," ta ce.

Aikin ba na rana ɗaya ba ne. Ta jiƙa gashin da mai, ta bi shi da yatsu kaɗan-kaɗan, inda ya ƙi warwaruwa ta sa almakashi. Ta aske ƙeya, ta wanke gyambon da ruwan gishiri, ta sayo maganin shafawa da na kwarkwata a kemis. Ta fitar da matashin rana, ta tafasa ɗankwalaye. Da ta ɗaga zanin gado ta ga bayan tsohuwar ma ya fara salewa, sai ta koya wa kanta juya ta, dama da hagu, tana tokare ta da filo. Da farko sau ɗaya take zuwa a mako. Daga baya ta koma rufe shago da rana tsaka, ta zo ta ba ta abinci a baki, don ta lura surukar ba ta da haƙurin jiran mai haɗiya da ƙyar.

Tana aiki tana hira, ita kaɗai.

"Buɗe bakin, Mama. Ci za ki yi ki yi ƙarfi. Kin san me nake tanadar miki? Ranar da kika iya zama a keke, coci za mu kai ki. Ni zan yi miki kitso, ni zan tura ki har gaba. Sannan in karɓi makirufo." Ta goge mata haɓa da tsumma. "Ba zan rage komai ba. Kwarkwatar nan, da gyambon, da katifar da kike jiƙawa, da ɗanki mai gaisuwar bakin ƙofa. A wurinki na koyi addu'a, ba zan ba ki kunya ba."

Ɓarin fuskar tsohuwar mai rai ya motsa, wani gurnani ya fito. Mai kitso ta ɗauka roƙo ne, ta ji sanyi a ranta.

Ranar da gashin ya kai a kama, ta zaunar da ita ta fara tsaga. A layin farko ta ja, ja na mugunta, har fatar goshi ta ɗaga, hawaye ya gangaro daga idon tsohuwar. Ta daɗe tana kallon hawayen. Sannan ta tsefe layin ta sake shi sakwa-sakwa. Ba tausayi ba ne, ko kusa. Kitso mai tsauri zai fama gyambon, gyambo kuwa zai ja musu lokaci.

Ana cikin haka zazzaɓi ya kama tsohuwar, ƙirjinta ya riƙa kurari, ta daina karɓar ko ruwa. Likitan da aka kira ya duba, ya rubuta magani, ya ja ɗan tsohuwar gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Mai kitso ta ga yadda dattijon ya sunkuyar da kai, ta gane abin da ake nufi. Suna fita ta rufe ƙofa ta zube a gaban gadon.

"A'a, Ubangiji. Ba haka muka yi da kai ba. Shekara da shekaru ina roƙonka abu guda, yanzu da ya zo hannuna za ka ɗauke? Ka tashe ta. Ka ba ta numfashi, ka ba ta ƙarfin zama. In ka ga dama daga baya ka ɗauki abarka, amma ba yanzu ba."

Kuka take yi sosai, irin wanda ko a makokin mijinta ba ta yi ba. Surukar da ke bayan ƙofa ba ta ji kalmomin ba, kukan ta ji. Ta je ta ba mijinta labari, shi ya ba fasto, fasto kuwa ya hau mumbari ya yi wa'azi guda a kan yafiya, ya ce akwai wata a cikinsu, ba zai kama suna ba, da ta isa kowa ya yi koyi da ita. Duk coci ya juya ya dube ta. Ta sunkuyar da kai tana cizon leɓe, suka ce kunya ce.

Zazzaɓin ya sauka. Tsohuwar ta fara ci, ta yi kumatu, gyambon ya rufe, sabon gashi fari ya tsiro a ƙeya. Aka samo keken guragu, aka sa ranar da za a kai ta coci a yi godiya.

Da safiyar Lahadin mai kitso ta iso da wuri ta yi mata kitso ƙanana, masu kyau, irin waɗanda take so a da. Tana ɗaura mata ɗankwali surukar ta shigo da atamfa a leda, ta durƙusa da ƙyar saboda cikin.

"Anti, ba biya ba ne, ba abin da zai biya ki. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa samun wanda ya rufa mini asiri ba sai ke."

Mai kitso ta karɓa ta yi godiya. Wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji. Ta duba ko akwai hanyar da za ta bi da addu'ar ta kewaye yarinyar nan, ta ga babu. Ba a kai ga kan tsohuwa sai an bi ta hannun wadda ta bar shi ya ruɓe. Ta tuna ƙeyar mijinta ranar da ya fita daga coci, ta miƙe ta kama keken.

Coci ya cika har waje. Da aka turo Uwar Zumunta mata suka tashi da waƙa, wasu na taɓa hannunta, wasu na kuka. Mai kitso ta kai ta gaba ta juya keken yana fuskantar jama'a, ta taka birki. Ɗan yana zaune a layin dattawa cikin fararen kaya, matarsa na can tsakiya da yaran. Bayan wa'azi fasto ya ce ba wanda ya cancanci ya yi wa Mama addu'a kamar wadda ta yi jinyarta, ya miƙa mata makirufo da hannu biyu.

Ta karɓa, ta rufe ido.

"Ya Uba, ka dubi baiwarka, uwarmu, wadda ta yi maka hidima har ƙarfinta ya ƙare. Kai ka ga abin da na gani ranar da na ɗaga ɗankwalinta. Ka ga kwarkwatar da ta cinye mata kai, ka ga gyambon da ke ƙeyarta yana ruwa. Ka ga katifar da take kwana cikin fitsarinta ba mai juya ta. Ka gafarta wa ɗanta, dattijonmu, da ke gaishe ta daga bakin ƙofa don ba ya iya shaƙar warin uwarsa. Ka gafarta wa matarsa, da ke fesa mata turare ta turo ta falo don mu gani mu yaba. Ka rufa wa gidan nan asiri, ya Uba. Cikin sunan Yesu."

Ta buɗe ido.

Ba wanda ya ce amin. Fanka kawai ke juyawa. Dattijon ya kafa ido a kan takalminsa, fasto ya buɗe baki ya rufe. Mai kitso ta juya a hankali ta dubi tsohuwar, don wannan kallon ta rayu duk shekarun nan. Fuskar na rawa, ɓari ɗaya a sake, ɗayan ya tattare, leɓen na kokawa da wani abu.

"Amin," in ji Uwar Zumunta.

Makirufon da ke hannun mai kitso na kusa da bakin tsohuwar, kalmar ta fita tas ta lasifika har waje.

"Ta yi magana," wata ta faɗa daga baya. "Mama ta yi magana!"

Shi ke nan. Mai ganga ya saki hannu, mawaƙa suka ɗauka, mata suka yo gaba suna rawa suna ɗaga hannu sama. Fasto, wanda ya sami mafita daga sama, ya karɓe makirufo yana shelar cewa sun ga ikon Allah da idonsu. Dattijon ya zo ya faɗi a gaban keken ya rungume ƙafafun uwarsa yana kuka, maza na bubbuga bayansa. Kwarkwata da gyambo da katifa duk suka bi ƙarar ganga. Aka rungumi mai kitso ta dama, aka rungume ta ta hagu. Ta saman kafaɗar matar fasto ta hango surukar ta ja hannun yaranta tana ratsa masu rawa, ta nufi ƙofa, ɗaya hannun a ƙarƙashin cikinta. Ba wanda ya tare ta.

Bayan an tashi, a harabar coci, mata suka yi mata layi. Wata ta kama hannunta ta ɗora a kan ɗanta mai farfaɗiya. Wata, cikin waɗanda suka fara ƙaurace wa matajinta a da, ta matso ta raɗa mata cewa mijinta ya daina kwana a gida, ta sa su a addu'a, amma kada kowa ya ji. Mai kitso ta gyaɗa kai kawai, idonta na kan keken da aka bari a inuwa.

Da ta samu ta zame, ta je ta tsuguna a gaban tsohuwar, ta matso da fuskarta dab da tata.

"Mama, kin ji abin da na faɗa?"

"Amin."

"Duka na faɗa. A gaban kowa. Kin ji zafin?"

"Amin."

Mai kitso ta dubi idon. Yana nan tar, yana kallonta, ba ta iya karanta komai a ciki ba. Ruwa na gangarowa daga gefen da ya shanye, amma wannan idon dama kullum yana ruwa.

"Yau Talata ce, Mama," ta ce a hankali, don ta gwada ta.

"Amin," in ji tsohuwar.

Ta zauna daɓas a kan dakalin da ke gefe. Yunwa da gajiya suka taso mata lokaci guda, ga wani baƙin ciki da ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

Inuwa ta faɗo a kanta. Dattijon ne, idonsa jawur, waya a hannunsa. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Anti, ta kwashi yaran ta tafi gidansu. Ta ce kada in biyo ta." Ya cusa wayar a aljihu. "Gobe ina da aiki. Ban san yadda ake juya Mama ba, ban san me take ci ba."

Mai kitso ta dubi tsohuwar. Likita ya taɓa cewa in kalma ɗaya ta dawo, wani lokaci saura kan biyo baya, in ana yawan yi wa mai ciwon magana. Wani lokaci kuma ba sa biyowa.

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta saki birkin keken.

"Ka je ka juyo da motar," ta ce. "Lokacin maganinta ya wuce."